Amsoshin Tambayoyinku: Ina Asalin Tseren Ratsa Daji?

Tseren ratsa daji, wanda wani mai sauraro ya nemi sanin asalinsa, gudu ne da ake yi ta cikin gonaki da kurmi, a hau tudu a gangara kwari, har a kutsa taɓo. Ya samo asali ne daga wani wasan ɗalibai a makarantun Ingila a ƙarni na 19. Mutum biyu za su yi gaba suna watsa guntayen takarda a hanya, sauran kuma su bi sawu kamar mafarauta, suna tsallake shinge da rafi har su cim musu.

Sannu a hankali wasan ya zama gasa. An yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Sukotland a 1903, aka kuma shigar da tseren cikin wasannin Olamfik na 1912 da 1920 da 1924. An cire shi bayan na Paris a 1924, inda tsananin zafi ya galabaitar da 'yan tsere da dama. Gasar duniya ta yanzu ta soma ne a Beljiyam a 1973.

A yau manya kan yi kilomita 10 a wannan gasa, sanye da takalma masu ƙusoshi don gudun zamewa. Kenya da Habasha ne suka yi kaka-gida a fagen: tawagar mazan Kenya ta lashe gasar sau 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003. Da yawa cikinsu kan yi atisaye a hanyoyin jar ƙasa na garin Iten, mai tudun kusan mita 2,400, inda ƙarancin iskar oksijin ke sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini.