Darasi: An ce maka ajiya ce, ashe inshora ka saya

'Yan'uwa fatake, darasinmu na wannan fitowa a kan kuɗin da ake kai wa banki ne bayan cinikin layya. Mu ɗauki misali. Falke ya sayar da shanunsa, ya canza Naira zuwa sefa, ya shiga banki a Maradi ko Damagaram. Wani ma'aikaci ya tarbe shi da fara'a, ya ce: "Alhaji, ga wani asusu mai riba, kana zuba jika ɗari duk wata, ran da ka so ka ɗauka." Alhaji ya sa hannu a takarda da Faransanci wadda bai karanta ba. Bayan wata takwas, kasuwa ta faɗi, lokacin saye ya yi, ya koma neman kuɗinsa. Sai aka ce masa ba za su fitu yanzu ba, in ma sun fita, ba za su cika ba.

To, me ya faru? Sau da yawa abin da aka sayar masa ba asusun ajiya ba ne, yarjejeniyar inshorar rai ce mai tara kuɗi na shekaru. Bankin dillali ne kawai, la'adarsa ya ci, kuɗin kuwa suna hannun kamfanin inshora. A irin wannan yarjejeniya, wanda ya janye da wuri shi ke asara, domin a shekarun farko ake cire ɗawainiya mai yawa. Ga ma'aikacin albashi mai jiran ritaya tana iya yin amfani. Amma ga falke, wanda uwar kuɗinsa ke juyawa daga kara zuwa kara, ai an ɗaure masa ƙafa ne.

Abin farko, ɗauko takardar ka kai wa wanda ya iya karatu, ba wanda ya sayar maka ba. A duba sunan wa ke samanta, na banki ko na kamfanin inshora. In inshora ce, akwai doka guda da ake kira dokar CIMA, wadda ta fito daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta soma aiki a 1995. Tana aiki a Nijar da Kamaru da Cadi da Binin, amma ban da Nijeriya da Gana. Sashe na 65 ya ba ka kwana 30 daga ranar zubin farko ka ce ka fasa, a mayar maka da abin da ka zuba.

Wani zai ce ai kwana 30 sun daɗe da wucewa. Dakata tukuna. Sashen nan ya wajabta wa kamfani ya ba ka takardun bayani, a ciki har da abin da za ka samu in ka janye a kowace shekara cikin shekarun farko. In ba a ba ka su ba, ba a fara ƙirga kwanakin ba sai ran da suka shiga hannunka. Mutane da yawa ba su san wannan ba, kuma ba mai gaya musu a bakin kanta.

Sai maganar kai kuka. Mu mun saba da ciniki na baki, a tafa hannu gaban dillali da shaidu, shi ke nan. A banki maganar baki iska ce. Ihu a gaban kanta ba ya dawo da ko dala. A rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban reshen, a aika kwafi ga kamfanin inshora. A faɗi ranar da aka je, abin da ma'aikacin ya ce, cewa ka gaya masa kuɗin fatauci ne, da wanda ke wurin ya ji. A ƙarshe a faɗi abin da kake nema a fili, wato a soke yarjejeniyar a mayar da kuɗinka cif. Ka aika ta gidan waya da shaidar karɓa, ko ka kai da hannu a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. Kada ka ba da takardunka na asali, ko da an ce za a duba a dawo maka da su.

In sun yi shiru, ko suka kawo tayin rabi, kada ka yi saurin sa hannu a takardar sulhu, don tana iya rufe maka ƙofa. Ka kai maganar ofishin kula da inshora da ke ma'aikatar kuɗi ta ƙasar da aka ƙulla yarjejeniyar. In kuwa asusun banki ne na gaske, kukan ya shafi bankin BCEAO a Nijar da Binin, ko hukumar COBAC a Kamaru da Cadi. Kotu ce matakin ƙarshe, amma ita ma tana da wa'adi, don haka kada a bar takarda ta kwana shekaru a aljihun riga ana cewa sai an dawo daga kudu.

Duk ɗan ƙungiya da ke da irin wannan takarda, ko bai shiga rigima ba tukuna, ya kawo ta wurin magatakarda ran kasuwa a karanta masa, tare da rasit na zubin farko.