Kafin Bakanike Ya Sauke Maka Giya

Mai Subaru otomatik da ke jan ƙafa huɗu, in ka murɗe sitiyari har ƙarshe za ka juya, motar ta riƙa tirjewa tana karkarwa, galibi kulocin da ke tura ƙarfi zuwa tayoyin baya ne ke kamewa.

Fara duba taya: huɗun su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya, iska daidai, domin gauraya taya ke ƙona faifan kulocin. Sannan a canza man giya da ainihin irin nasa.

A tsofaffin Subaru Forester, don gwaji sa fis a gurbin FWD, wanda ke barin tayoyin gaba kaɗai su ja motar. In tirjiyar ba ta daina ba, solenoyid ɗin kulocin ko faifan ya lalace. Bayan giyar kawai za a kwance, kada ka yarda a sauke ta gaba ɗaya.