Yadda Ake Bambanta Gauɗe da Gauɗen Kura

A dazuzzuka irin na Arikya, cikin ƙasar Lafiya ta Jihar Nasarawa, akan sami iri biyu na itacen da masana ke kira Gardenia. Furensu fari ne mai ƙamshi, yakan rikiɗe rawaya idan ya kwana biyu, saboda haka fure ba ya raba su. Sai a dubi 'ya'yan. Na gauɗe, watau Gardenia erubescens, sukan yi rawaya da taushi idan sun nuna, ana kuwa cin su. Na gauɗen kura, watau Gardenia ternifolia, masu tauri ne, toka-toka, ba a cin su. Ana roƙon iyaye da malamai su koya wa yara wannan bambanci tun kafin a tura su kiwo.