Yadda ake yi idan salula ta tsaya tana juyi wajen tura kuɗi

Duk mai tura kuɗi da salula a Gidan Rumji ya san ɗan zoben nan da ke kewayawa a fuskar waya, an rubuta "Veuillez patienter" a ƙasansa, wato a ɗan dakata. A nan ne mutane ke yin asara, don yatsa ya fi rezo sauri.

Tun kafin ka danna, dubi saman wayar. In ka ga 4G ko H+, bismilla. In harafin E ne, abin zai yi nauyi, sai ka fito fili, domin rufin kwano yana rage ƙarfin rezo. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka, wajen Gidan Sori, su duba sunan layin, kada a ce na Najeriya wayar ta kama.

Sannan ka danna sau ɗaya tak, ka janye hannu. Wannan shi ne babba. Saƙonka yakan bi ta eriya ya isa kwamfutar kamfani, a cire kuɗin, kana amsa ta juyo gare ka. Sau da yawa kuɗin sun riga sun tafi, amsar ce ta maƙale a hanya. Wanda ya sake dannawa yana iya biya sau biyu, jaka goma ta zama ashirin, ga wahalar neman a mayar masa. Ƙaguwar ba laifinka ba ce. Tun 1993 masani Jakob Nielsen ya rubuta cewa jiran da ya wuce daƙiƙa 10 yakan ɗauke hankalin mutum daga abin da yake yi. Don haka ake sa zoben, a kwantar maka da rai, sai dai ba ya faɗin ko kuɗin sun fita.

Ba shi minti biyu. In bai daina juyi ba, rufe manhajar ka sake buɗewa, ka duba ragowar kuɗinka da jerin abin da ka tura, ka kira wanda aka turawa. Sai ka tabbata ba su fita ba, sannan ka sake.

Kai kuma mai shagon tura kuɗi, kada ka bar dattijo tsaye yana kallon fuskarka, ga Faransanci ba ya karantawa. Juya masa wayar ya gani, ka ce, "Baba, mu ɗan jira saƙon shaida." Idan saƙon ya shigo, karanta masa adadin, ka rubuta masa lambar shaidar a takarda.