Sauro daga ruwa yake fitowa

Da damana ta sauka, sauro yakan yi yawa a gari. Daga ina yake fitowa? Daga ruwan da ke kwance.

Macen sauro ce kaɗai take cizo, domin sai ta sha jini take yin ƙwai. Namijin kuwa ruwan furanni yake sha. Macen takan zuba ƙwanta a bisa ruwa: cikin kududdufi, ramin da aka haƙa don yin tubali, har ma sawun kofaton saniya. Bayan kwana 2 ko 3 sai ƙwan ya fashe, 'yar tsutsa ta fito. Tana ci, tana girma, sannan ta naɗe kamar waƙafi. Daga nan sai fatar ta tsage, sauro ya tashi. Lokacin zafi, kwana 10 sun isa a yi duk wannan.

Sauron da ke kawo zazzaɓi sunansa anofel. Da dare yake cizo. In ya sauka a bango, yakan ɗaga gindinsa sama.

Sauro mai tashi yana da wuyar kamu, amma tsutsarsa ba ta iya barin ruwa. Saboda haka mu cike ramuka da ƙasa, mu kifa tsofaffin gwangwanaye, mu rufe randa. Kowane dare mu kwana cikin sange mai magani. In jikin ƙanenka ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe.

Aiki: Ku zagaya filin lakwal. Wurare nawa kuka ga ruwa kwance?