DARASI: YADDA ZA MU RAYA FAKO A FILIN GIDA

'Yan'uwa manoma, a filin gida ko na majami'a mukan ga wani wuri ya yi sanƙo, ciyawa ta ƙi fita ko da damina ta yi kyau. Wannan shi ne fako. Kada mu raina shi. Ruwan sama ba ya shiga fako, sai ya bi ta kansa da gudu, ya kwashe ƙasa, ya ci gindin katanga da na rumbu. Idan aka ƙyale shi, wata rana kwazazzabo zai zama.

Me ke kawo shi? Yawan takawa, da ɗaure akuya a turke guda, da ruwan indararo, da yawan shara har ƙasar sama ta tafi. Ƙasar ba mutuwa ta yi ba, taurarewa ta yi. Maganinta shi ne mu buɗe wa ruwa hanya.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu kawar da dalilin tukuna. A sauya wa akuya turke, a jera duwatsu inda indararo ke zuba.

2. Da bazara mu fasa wurin da diga, zurfin inci 6, mu cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yakan ƙona saiwa.

3. Mu shimfiɗa karan dawa a kai. Kara yana tare zafin rana da dukan ruwa, yana kuma jawo gara. Gara za ta huda ƙasa, ruwa ya bi ramukanta ya shiga. Amma kada mu sa kara kusa da ɗaki ko rumbu.

4. Idan ruwa ya zauna, mu tono kiri-kiri da saiwarsa, mu dasa shi tsakanin karan, a bar ƙafa 1 tsakani, mu danne da ƙafa. Shi yaɗo yake yi. Saboda haka a nisanta shi da lambu da gona, gama fitar da shi wuya ne.

5. Mu kewaye wurin da ƙaya har ciyawa ta rufe ƙasa. In za a yanka da lauje, kada a kai gindi.

Wannan dabara tana aiki har a gona. A 1989 waɗansu manoman Illela ta ƙasar Nijar suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga ana haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki. Suka komo suka yi haka, suna kiransu tassa, fako ya ba da gero.

Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana kula da ƙasa amana ce daga Allah.

Aikin ƙungiya: kafin taro na gaba, kowa ya ƙidaya fakon gidansa. Mu zaɓi guda a filin majami'a, mu gyara shi tare.