Kwanan Daji a Damina: Abin da Za a Tanada Kafin a Bar Gida

Daga Yuni zuwa Satumba, gidaje da yawa a garin Bauchi sukan sallami wani nasu ya kwana a waje. Magidanci ya tafi gonarsa ta hanyar Dass ko Ningi, samari su shirya hawan duwatsu, ɗalibai su nufi Yankari. Ruwan da ke sauka a nan yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, Agusta ce kuma ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Mai kwanan daji ya fi shan wuya a hannun iskar da ke riga ruwan isowa, don haka da ita za a auna duk abin da za a saya.

1. A fara da tamfol. Mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 ya ishi mutum ɗaya da kayansa. Idan an shiga kasuwar Wunti ko Muda Lawal, a sa mai kaya ya warware shi gaba ɗaya, a ɗaga shi sama: duk inda haske ya ɓullo, ruwa zai bi. A duba ƙofofin da ake zura igiya, domin nan iska ke fara yagawa. Tamfol ɗin tirela yana da ƙarko, amma nauyinsa ba na mai tafiyar ƙasa ba ne. Ledar shanya kuwa ba ta jure hadari ko guda.

2. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, da guguwa a gaba. Saboda haka gefen tamfol da ke fuskantar gabas a saukar da shi har ƙasa, a kafe shi da turaku, a danne da duwatsu, a bar ƙofa ta yamma. A ja shi ya miƙe sosai, ya zama yana da gangare. Tamfol da aka shimfiɗa a kwance yakan tara ruwa a tsakiya har ya tsinke igiya cikin dare, lokacin da ba mai iya gyara komai. Kuma a gama wannan aiki tun la'asar, kada a jira sai gari ya yi baƙi.

3. Wurin kwana ya zama tudu. Busasshen rafi mai yashi yana da daɗin shimfiɗa, amma ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa da kai yana iya cika shi alhali ko yayyafi ba ka gani ba. A guji ƙwanƙolin dutse da doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, saboda tsawa. A Yankari kuwa ba a yada zango inda aka ga dama, sai inda ma'aikatan gandun suka nuna, galibi a sansanin Wikki.

4. Mai gadon lilo, wanda ake ɗaurawa tsakanin bishiyu biyu, ya tsira daga laka da kunama. Sai dai ruwa yana bin igiya ya gangaro masa. Maganinsa a ɗaura guntun zare a jikin kowace igiya, ƙarƙashin tamfol, a bar bakinsa yana reto, nan ruwan zai bi ya ɗiga ƙasa. Gidan sauro dole ne, don damina ce lokacin zazzaɓi.

5. Rigar ruwa ta fi laima nesa ba kusa ba. Laima tana cin hannu guda, iska kuma tana birkice ta. Na fi son doguwar riga mai faɗi da ake zurawa ta ka, wadda ke rufe mutum har da jakar bayansa, iska kuma na shiga ta ƙasa. Mai riga da wando, irin ta masu babur, tana tsare jiki da kyau, amma mai hawan dutse zai jiƙe da gumi a cikinta. Makiyaya sun daɗe da gane haka, shi ya sa kabidonsu na kaba ke sauka daga ka ya bar gefe a sake. A duba ɗinkin kafaɗa da na wuya kafin a biya.

6. Dogon takalmin roba ya fi silifas, ba don laka kaɗai ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake kai wa asibitin saran maciji na Kaltungo manoma ne da kububuwa ta sara a ƙafa. A kife takalmin a kan sanda da dare, a kakkaɓe shi da safe.

7. Uwargida, ki ware wa mai tafiyar kaya kala ɗaya, da ashana, da tocila, ki ƙulle a leda biyu. Waɗannan na barci ne kawai. Idan marka ta kama, tufafin auduga sukan wuni ba su bushe ba, sanyin asuba kuma ba ya raga wa mai jiƙaƙƙiyar riga.

8. Da an dawo, a shanya tamfol da rigar ruwa su bushe ƙarau kafin a naɗe, in ba haka ba su yi fumfuna su ruɓe. Inda ya huje a like shi da faci tun a ranar.